Alewa Mai Jan Layi

A Sabo ta Ibadan, in za a kai gara gidan amarya ba a cika tambayar wa za a ba aikin ba. Huseina ce, matar Alhaji Maikuɗi fatoman goro, mai saukar da fataken Arewa. Ita ce mai alkaki da nakiya da dubulan. Tana cikin kulle kamar sauran matan unguwar, amma babu lungun da girkinta bai shiga ba. Alkamarta daga Kano take zuwa cikin kayan baƙin maigidanta, zuma kuwa wani Bayarabe ke kawo mata daga Shaki. In ɓarzajjiyar alkamar ta kwana ta yi tsami, ta murza ta da man shanu, ta nannaɗe ta soya, ta tsoma a zuma mai zafi, ƙamshin har bakin titi yake kaiwa. Tsofaffin da suka baro Arewa tun suna samari sukan ce in suka gutsiri alkakin Huseina sai sun tuna ɗakin iyayensu mata.

'Ya'yanta mata duk sun yi aure. Namiji ɗaya gare ta, Mika'ilu, kuma shi ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa. In ya durƙusa gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a gajarce. Amma kankaren nakiya na gindin turmi, wanda ya fi shan man shanu, ba ta taɓa ba wa wani ba. Takan dunƙule shi a ganye ta ajiye a bakin taga ta bar wurin, shi kuma in ya dawo aiki ya ɗauka ya wuce, ba wanda zai ce da wani komai.

A Sabo aka haifi Mika'ilu. Ya yi allo, ya yi boko a Mokola, in yana Yarabanci ba mai cewa Bahaushe ne. Akawu ne a wani kamfanin motocin dako a Dugbe. An riga an kai gaisuwar aurensa gidan maƙwabciyarsu Amariya, wadda 'yarta Binta ya daɗe yana so.

A ƙarshen daminar 1966 Sammani ya iso. Ƙanin Huseina ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya daɗe a Anaca yana sana'ar alewa. Da hantsi ya shigo, ba jaka, ba hula, rigarsa ta yi baƙi ƙirin. Abin da ke aljihunsa kawai ƙugiyar ƙarfen da yake rataya alewa a jiki in zai ja ta.

Huseina ta saki rariyar hannunta. "Sammani! Ina iyalinka?"

"Yaya, ba ni ruwa tukuna."

Sai da ya sha ya huta sannan ya ba da labari. Matarsa Nwakaego 'yar Ibo ce, suna da 'ya ɗaya, Mero, wadda ba ta daɗe da fara surutu sosai ba. Da aka fara kashe Ibo a garuruwan Arewa, jirage da motoci suka riƙa sauke waɗanda suka tsira, wasu da sara wasu ba hannu. Cikin waɗanda ba su dawo ba har da wan Nwakaego. Gari ya hargitse, aka shiga neman Hausawa. Sammani ya ce da matar su gudu tare. Ta ce ba za ta kai 'yarta ƙasar da aka yanka ɗan'uwanta ba. Ya fita neman mota, kafin ya dawo ta goya yarinyar ta tafi ƙauyensu. Bai samu ya bi su ba, 'yan sanda suka tattara Hausawa suka cusa su a manyan motoci, aka tsallakar da su gadar Kwara.

"Ko sallama ban yi da yarinyar ba, Yaya. Barci take yi na fita."

Huseina ta yi kuka tare da shi. Alhaji ya ba shi shagon da ke jikin zaure, ya saya masa buhun sukari. Sammani ya kafa ƙugiyarsa a jikin ginshiƙi ya koma sana'a. Yakan dafa sukari da ruwan tsamiya har ya yi danƙo, ya juye a faranti ya ɗan huce, sannan ya rataya a ƙugiya ya yi ta ja yana ninkewa, yana ja yana ninkewa, har abin da yake ruwan zuma ya koma fari tas. Laimar Ibadan ba ta ƙaunar alewa, in ta kwana sai ta yi gumi, don haka kullum sabuwa yake yi. Cikin kowane dahuwa sai ya ware kaɗan ya rina ja, ya ja siririn layi a jikin farar. Ya ce Mero ba ta karɓar wadda ba ta da jan layi, in aka miƙa mata fara zalla sai ta jefar.

Mika'ilu tun yana ƙarami yake son kawun nan nasa, mai zuwa da ƙunshin alewa duk Sallah. Yanzu in ya taso daga aiki sai ya zauna a bakin shagon har magariba. Hirar ba ta wuce Mero. Yadda take rawa in ta ji gangar cocin unguwarsu, yadda take haɗa Hausa da Ibo cikin magana ɗaya, tabon da ke haɓarta inda ta faɗi a kan murhu. Huseina na jiyo su ta bangon zaure in tana tankaɗe.

Da damina ta zagayo yaƙi ya ɓarke. Ba a daɗe ba aka ce sojojin Biyafara sun iso Ore, sun doso Ibadan. Kasuwa ta mutu, goro ya daina tafiya. Aka buɗe ɗaukar soja, duk mai ƙafa biyu ana so. Sammani ya wanke rigarsa ya tafi. Aka dube shi, aka dubi ƙafarsa ta hagu wadda tafasasshen sukari ya taɓa ƙonawa har take ɗingishi, aka ce ya koma gida.

Ran nan da la'asar Huseina ta ji muryarsa ta bango.

"Wai ni tsoho ne gurgu. Dariya suka yi mini, Mika'ilu. An ce kuwa Anaca za a nufa. Da sun ɗauke ni ko dako ne in yi musu." Sannan ya ƙara da cewa, "Irinku masu ilimi suke nema. Kai da ka shiga, kafin a ce me sun ɗaura maka igiya. Ka kuma san garin, ka taɓa zuwa. Daga Anaca zuwa ƙauyen uwarta tafiyar hantsi ce."

"Kawu, aikina fa? Ga maganar aure."

"A'a, ban ce ka je ba. Allah ya gani ban ce ka je ba. Abin da ke raina kawai nake faɗa. Jinin Yaya ce fa yarinyar nan, ƙanwarka ce."

Washegari da Mika'ilu ya fita, Huseina ta aika aka kira mata Sammani.

"Ka fita hanyar yaron nan."

"Me na yi, Yaya?"

"Ina da kunne. Kullum kana ɗiga masa magana. In 'yarka kake so ka roƙi Allah, shi ya ba ka ita. Kada ka roƙi ɗan wani."

Ya rantse ba zai ƙara ba. Wataƙila ma bai ƙara ɗin ba, amma abin da ya riga ya shiga ya shiga. Ta gaya wa Alhaji, Alhaji ya kira yaron ya yi masa faɗa, sai ya tarar har ya ba da sunansa, shi da abokinsa Manniru, tela a bakin kasuwar Sabo. Mika'ilu ya ce ai ba don Kawu kaɗai ba ne, kamfaninsu ma sojoji sun kwashe motocin, aiki ya tsaya, kuma kowa na cewa yaƙin ba zai kai Sallah ba.

Huseina ta jiƙa shinkafa ta daka, ta soya garin, ta zuba citta da kanumfari da masoro, ta kirɓa da zuma da man shanu. Nakiya ba ta lalacewa, shi ya sa tun kaka da kakanni take cikin guzurin matafiya. Ranar tafiya ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, na zo sallama."

Tana zaune ta ba shi gefe. Maganganu suka cika mata baki. Tana so ta riƙe rigarsa, ta ce in ya taka ƙofar nan ba ta yafe ba. Amma tun da ta haife shi ba ta taɓa yi masa doguwar magana ba, ga mata sun cika tsakar gida suna kallo. Ta tura masa ƙunshin nakiyar da bayan hannu.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

A zaure Sammani ya damƙa masa gwangwanin taba cike da alewa mai jan layi. "In ka gan ta ba za ta gane ka ba. Ka nuna mata wannan, za ta zo."

Watanni suka wuce ba labari. Sai bayan Sallah, wata rana ana shirin azahar, Manniru ya shigo unguwa da hannun riga ɗaya a naɗe, an yanke masa hannun dama daga gwiwa. Ya nemi iso wurin Inna. Alhaji ya shigo da shi tsakar gida, Sammani na biye da su.

Manniru ya zauna a ƙasa ya kasa ɗaga ido. Ya ce sun bi ta Benin har Asaba, bakin Kwara. An karya gadar, don haka aka zuba su a jiragen ruwa, mutane da motoci da gangunan fetur wuri ɗaya. Suna tsakiyar kogi aka buɗe musu wuta daga tsallake. Fetur ya kama. Kowa ya faɗa ruwa.

"Inna, mu 'yan Ibadan ina muka ga kogi? Ogunpa kawai muka sani, shi ma a gwiwa yake tsaya mana. Ni wani katako na samu. Shi kuwa na ga kansa ya ɗago, yana kiran sunana. Kayan da ke bayansa sun yi nauyi. Ban ƙara ganinsa ba."

Alhaji ya yi ta maimaita innalillahi. Huseina ba ta motsa ba. Sai Sammani ya matso.

"Manniru, to ku da kuka tsira, ba wanda ya shiga garin? Alewar fa, ko ya ba wani ya kai?"

Manniru ya dube shi kamar bai ji daidai ba. "Wace alewa, Kawu? Ai tun a Benin ta narke a gwangwanin, ta zama ruwa. Da yatsa muka lashe ta, ni da shi."

Huseina ta juyo ta dubi ƙaninta, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta miƙe za ta shiga ɗaki, sai ta tsaya. Ta dafa turmi, ta buɗe baki ta ƙwala kira, "Mika'ilu!" Matan maƙwabta da suka jiyo sun ce ba su gane muryar ba, don ba su taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta yi ta kiransa har muryarta ta dushe.

Ba gawa, ba kabari. Aka yi masa salla, aka yi zaman makoki, ta daka gumba da hannunta aka raba sadaka. Daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwar Sammani ba. Ta ce da Alhaji ya tashe shi daga shagon. Alhaji ya ce ba zai kori baƙon da ya zo masa a guje ba, mutanen Sabo za su zage shi. Ta ce to. Ana ci gaba da fitar masa da tuwo, amma ba daga tukunyarta ba, ta sa ana sayo masa a waje.

Shekara ta zagayo. Wata safiya Amariya ta shigo, ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi jiki, ta yi zancen tsadar sukari. Can ta ce, "Yaya Huseina, kunya ta hana ni zuwa tuntuni. Binta ce. Wani mahauci a Mokola ya fito, babanta ya ba shi. Na rasa wanda zan kai wa aikin gara. In na kai wani wuri a ce na guje ki, in na kawo miki kuma..."

"Kawo alkamar," in ji Huseina.

"In zai yi miki nauyi..."

"Yarinya za ta zauna jiran wanda ke ƙarƙashin ruwa ne? Kawo."

Ta yi aikin kamar yadda ta saba, ba ta rage komai ba. Ta cika fanteka da alkaki, ta jera dubulan, ta mulmula nakiya manya-manya. Garar nan da a gidanta za a sauke ta, ita ce za ta buɗe ta raba wa dangi a matsayin uwar ango. Ta tsaya a bayan ƙyaure tana jin guɗar mata suna wucewa da ita zuwa Mokola. Da yamma, bisa al'ada, aka aiko mata da nata rabon na maƙwabtaka a ɗan faranti. Ta dubi alkakin da ta nannaɗe da yatsunta, ta ce da 'yar aiken ta kai wa masu gadin goro.

A farkon 1970 aka ce yaƙi ya ƙare. Ko mako ba a yi ba Sammani ya rufe shago ya bi motar sojoji. Ba wanda ya yi zaton zai dawo da wani abu. Sai ga shi wata ranar Laraba da la'asar, riƙe da hannun wata yarinya. Ya tsaya a bakin ƙofar tsakar gida, inda ya daɗe bai taka ba.

Yarinyar ta kai shekara shida amma jikinta na 'yar huɗu ne. Gashinta ya yi ja ya kakkarye, ƙafafu kamar sillen kara, ciki a gaba. Akwai tabo a haɓarta.

"Yaya, ga Mero. Uwarta ta rasu tun shekarar da yunwa ta yi tsanani. Wurin kakarta na same ta, tsohuwar ma ba ta iya tashi. Ita ta ce in tafi da ita." Ya dubi yarinyar. "Ba ta jin Hausa yanzu. Ni ma ba ta san ni ba. Na yi mata alewa a hanya, ta ƙi karɓa daga hannuna. Yaya, ni namiji ne, a shago nake kwana. Ban san yadda zan yi da ita ba."

Huseina na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa. Ta dubi yarinyar tun daga sama har ƙasa. Wannan ce. Saboda wannan abar aka ɗauke mata ɗa. Ta nemi tausayi a ranta ba ta samu ba, sai ɗaci kawai.

Ta yi masa magana, karo na farko tun ranar da Manniru ya zo. "Ka samu taka."

"Yaya..."

"Ka samu taka, Sammani. Ni wa zai je ya ɗauko mini nawa?"

Ya durƙusa ya fashe da kuka, yana cewa ta yafe masa. Yarinyar na tsaye tana kallonsu, ba ta san abin da ake faɗa ba. Idonta na kan tiren shinkafar.

"Sakar mata hannu," in ji Huseina. "Jinin babanmu ce, ba za ta kwana a shago ba. Amma gidan nan ba zai ɗauke ni da kai ba. In tana ciki, kana waje. Ka zaɓa."

Wannan karon Alhaji bai sa baki ba. Sammani ya zare ƙugiyarsa daga ginshiƙi ya koma Ojoo, ya kama ɗaki kusa da inda motocin Arewa ke lodi, yana sayar wa matafiya alewa.

Huseina ta yi wa yarinyar wanka, ta aske mata jan gashin, ta riƙa ba ta kunu da man shanu kaɗan-kaɗan har cikinta ya saba. Ba ta dukanta, ba ta kuma wasa da ita. Mero ba ta magana, ba ta kuka, duk inda aka ajiye ta nan za a same ta. Wata safiya Huseina ta ga jikinta duk ya yi rudu-rudu da cizo. Ta ɗaga tabarmar da take kwana a kai, sai ga gutsattsarin alkaki da ƙanzo da ɓawon dubulan an jera a ƙasa, kiyashi ya yi baƙi a kansu. Ashe duk abin da aka ba ta rabi take ci, ta ɓoye rabi. Da Huseina ta ɗauko tsintsiya, yarinyar ta yi tsalle ta kwanta a kan tarkacen ta rufe da cikinta, tana ihu da yaren da ba mai ji a gidan, kiyashi na bin wuyanta.

Huseina ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ajiye ta. Ta ɗaga yarinyar da ƙarfi ta karkaɗe mata jiki, ta kai ta madafa, ta buɗe mata tukwane ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mata buhun shinkafa da na gero, ta kama hannunta ta tura cikin hatsin har gwiwa. "Akwai," ta ce. "Gobe ma akwai." Yarinyar ba ta daina ɓoyon ba sai bayan watanni, amma kalmar Hausa ta farko da ta dawo bakinta ita ce wannan.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Sammani yakan zo ya zauna a zaure. Huseina takan shafa wa Mero mai, ta ɗaura mata zane mai kyau, ta tura ta. Yarinyar ta zauna nesa da shi, ya yi ta yi mata magana tana kallon ƙasa. In zai tafi sai ya matso jikin bango ya ɗaga murya.

"Yaya, ina gaisuwa."

Daga ciki ba ya jin komai sai ƙarar taɓarya. Yakan ɗan jira, sannan ya sa takalmansa ya ɗingisa ya nufi bakin titi neman motar Ojoo.